Lambar Tanko Sojan Doki

Ku gyara zama, yau kam sai kun yi musu.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Inna Tabawa. Ubanta Tanko ya yi sojan doki a zamanin Turawa, ya dawo hannu rabbana, ko takarda babu. Mutanen gari, kun san su da baki, suka ce gudowa ya yi daga fagen fama. Har ya mutu ana kiransa Tanko Ƙafa-me-na-ci. Shekara saba'in abin nan yana cin Tabawa. Rannan ta ce, "Ba ni da magaji. Duk wanda ya wanke mini ubana, na ba shi gidan nan."

Ana nan, sai wani ɗan gwangwan ya sayar wa Mati maƙeri tarkacen azurfa. Mati har ya jefa wata azurfa mai kama da kuɗi a wuta zai yi awarwaro, sai son sani ya kama shi. Kuɗi ne? To, yaushe aka fara yi wa kuɗi marataya? Ya fizgo ta, har ya ƙone yatsu biyu.

Ya kai wa Malam Haladu, tsohon malamin makaranta, wanda ake yi wa kallon taɓaɓɓe saboda tara lambobin yaƙi na sojan dokin Turawa. Yana gani ya ce lambar yaƙi ce. Kowa fuskar lamba yake kallo, shi kuwa ya san a gefe ake sassaƙa sunan mai ita. Kwana uku yana gogewa da toka da lemon tsami kafin rubutu ya fito: Ibro Zungeru. Malam ya ce, "Ko wane ne wannan, bai gudu ba. Turawa ba sa ba magujin yaƙi lamba." Tabawa ta ji labari, ta zo, ta ji ba sunan ubanta ba ne, ta juya za ta tafi.

Barau, makahon maroƙi da ke zaune a ƙofar gidan Malam, ya zabura. "Ibro Zungeru? Ai Tanko ne, Inna! Suna ya sake don kada ubansa ya gano shi, Turawa kuma suka laƙa masa sunan garin da ya shiga soja. Ubana ya yi masa kiɗa a bariki." Nan take ya rero kirarin, sunayen biyu a jere, tsofaffin gari suna ji.

Tabawa ta rungume lambar tana kuka. "Baba, ashe ba ka gudu ba!"

Ga ta can riƙe da makulli ɗaya na gidan, ga mutum uku tsaye. To, wa za ta miƙa wa?