Direban da Ya Ɓoye Maganinsa

Akwai wani direban bas da ake ce wa Guguwa, saboda gudu. Ranar wata Talata da hantsi ya yi ƙoƙarin wuce tirela a kan kwana, ya yi taho-mu-gama da wani saurayi a kan babur. Saurayin ko shurawa bai yi ba. Shi kuwa Guguwa ƙarfe ya yaga masa ƙafar dama tun daga idon sawu har gwiwa, aka kwashe shi zuwa asibitin mishan da ke kusa.

Aka ɗinke ƙafar, aka kwantar da shi a ɗakin maza, gado na shida, jikin taga. Ɗan sanda yana zaune a kan benci a bakin ƙofa. Ta tagar yana hango 'yan uwan mamacin, waɗanda kan zo kullum su tsaya a ƙofar asibitin ba sa cewa komai.

Rana ta huɗu aka cire masa ƙarin ruwa, aka mayar da shi kan kafso, biyu-biyu sau uku a rana. A ranar ce kuma wata nas da bai taɓa gani ba ta shigo ɗakin tana tura keken magani. Doguwa ce, za ta yi shekara arba'in, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Kowa Sista yake ce mata. Ta ajiye masa maganin da kofin ruwa, ta yi rubutu a katin da ke rataye a jikin gadon, ta wuce.

A gado na biyar akwai wani tsohon kafinta da ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu. Ya juyo da kai da ƙyar.

"Ɗana, ka san wadda ta ba ka maganin nan?"

"Nas ce mana, Baba."

"Nas ce. Yayar mai babur ɗin ce kuma. Ita ta raine shi, ita ta saya masa babur ɗin. Na ce gara ka ji daga bakina."

Guguwa ya dubi kafson da ke tafin hannunsa. Mutum ne mai auna kowa da kansa. Ya taɓa riƙe wani abokin sana'arsa a zuciya shekara guda cur kan baƙar magana, har sai da ya rama. To ina ga wadda aka kashe wa ƙane, kuma aka damƙa mata makullin ɗakin magani?

Bai sha ba. Ya tura kafson cikin rigar matashi.

Daga nan ya mai da abin ɗabi'a. Idan Sista ta tsaya a kansa, sai ya sa maganin a ƙarƙashin harshe, ya kurɓi ruwa, tana juya baya ya tofo shi. Ko wata nas ce ta kawo, haka yake yi, don a ganinsa bakinsu ɗaya. Tayar keken maganin tana da wata 'yar ƙara, kuma tun daga ƙarshen baranda yake jin ta. Idan Sista tana wanke ciwon, ba ya ɗauke ido daga almakashin da ke hannunta.

Matarsa ta zo da rana, ta taɓa goshinsa ta janye hannu.

"Maigida, jikin nan naka kamar wuta."

Ya jawo ta kusa ya raɗa mata abin da ke faruwa.

"To in faɗa wa likita?"

"Likitan na wa? Ai nasu ne. Ki yi shiru."

Ta yi niyyar sayo masa wani a kemis, amma ɗan sandan ba ya barin a shigo da magani daga waje.

Rana ta bakwai ƙafar ta kumbura suntum, ta fara wari, yatsu biyu suka yi baƙi. Likita ya buɗe bandejin ya daɗe yana kallo.

"Maganin nan ya kamata a ce ya yi aiki. Ban gane ba. Idan jibi haka take, za mu yanke daga gwiwa, in ba haka ba abin zai shiga jini."

Da likita ya fita, kafintan ya girgiza kai. "Kuma ƙafar taka totur ce."

Guguwa bai yi dariya ba. Yana kwance yana lissafi: ya sha magani ya mutu, ko ya ƙi sha a guntule shi.

Gumi ya jiƙe masa zanen gado sharkaf, don haka Sista ta zo canjawa. Ta ɗaga masa kai ta zare matashin. Kafso suka zubo, ja da rawaya, suka watsu a ƙasa, wasu suka gangara har ƙarƙashin gadon kafinta. Ɗan sandan ma ya leƙo.

Sista ta tsaya da matashin a hannu.

"Direba, kana tsammanin guba nake ba ka?"

Ya kawar da kai.

"Da kai nake."

"Sista, da ni ne ke..."

"Da kai ne ni, da ka sa gubar. Na sani."

Ta je wajen keken ta ɗauko kwalbar maganin, ta juye ta gaba ɗaya a faranti, ta kawo gabansa.

"Zaɓi ɗaya."

Ya nuna ɗaya da yatsa. Ta ɗauki wanda ya nuna ta haɗiye da ruwan kofinsa. Ta jawo kujera ta zauna, ta dubi agogon hannunta.

"Minti nawa kake so mu jira?"

Ya rufe fuska da hannu.

Ta ce, "Kada ka ɗauka na yafe maka. Kowace safiya ina durƙusawa ina roƙon Ubangiji ya ba ni ikon yi, har yau abin bai zo ba. Idan na shigo ɗakin nan gadonka nake fara gani. An ce in koma ɗakin haihuwa, na ƙi. Almasihun da nake bi bai ce in yi jinyar waɗanda nake so kaɗai ba, kuma waɗanda suka gina ɗakin nan a kan haka suka gina shi. Maganar ƙanena tana kotu, zan je kuma in zauna a layin gaba. A nan kuwa kai mai ciwon ƙafa ne a gado na shida."

Da likita ya ji abin da ya faru, ya ce a koma allura nan take. Sista ce ta zuƙo ta. Guguwa ya miƙa hannu, ya runtse ido.

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Aka cire yatsun nan biyu, aka bar masa ƙafar.

Mako uku bayan haka aka sallame shi, ɗan sandan ya zo tafiya da shi. Yana dogara sanda, ya tsaya a gaban teburin Sista. Ta miƙa wa ɗan sandan ledar magani ba tare da ta ɗago ba.

Guguwa ya ce, "Sista, don Allah ki..."

"Sai mun haɗu a kotu, direba. Ka kula da matakalar nan, tana da santsi."

Darasi: Yau muna ganin ba wani abu ba ne asibiti ya yi jinyar mai laifi da wanda aka yi wa laifi a ɗaki guda, ya bar wa kotu hukunci. Ba haka ɗan Adam ya taso ba, ramuwa ta fi masa sauƙi. Cikin abubuwan da suka dasa wannan ɗabi'a a duniya akwai koyarwar Kirista cewa a kyautata wa maƙiyi, kuma jinyar mara lafiya ibada ce. Kada ka auna mutane da mugun nufin da ke zuciyarka, kada kuma ka jira sai fushinka ya huce kafin ka yi abin da ya dace. Ku tura wannan labarin ga wani ma'aikacin jinya da kuka sani, ko Musulmi ne ko Kirista.