Gaɓa Ukun da Za Su Mayar da Baba Gida

Ka taɓa ƙarasa wa wani maganarsa saboda ka gaji da jira?

Akwai wata mata a garin Brăila na ƙasar Romaniya mai suna Ruxandra, wadda ko ruwan shayi ba ta iya jira ya tafasa. Mahaifinta, Anghel, ya yi shekara talatin yana aiki a tashar jirgin ruwa ta Marseille a Faransa. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, Romaniyanci ya ɓace masa, sai guntayen Faransanci.

Likita ya ce ranar Juma'a zai duba shi. In ya iya furta kalma guda da kansa, a sallame shi daga asibiti ya koma gida. In ya kasa, sai gidan kula da tsofaffi, can nesa da 'yarsa.

Madam Otilia, mai koya wa marasa lafiya magana, ta zaɓi kalmar Faransanci "rentrerons", wato za mu koma gida. Ta raba ta gaɓa uku: ran, trə, ron. Ta ce a riƙe hannunsa, kowace gaɓa a ɗan buga masa yatsa sau ɗaya.

Ruxandra ta karɓi aikin da zafi. Safe da rana tana kansa, ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga, ta duba agogo. Da tsohon ya ce "ran", kafin ya ja numfashi ta cika masa sauran. Sai ya juya fuska bango.

Ranar Laraba Madam Otilia ta tarar da su haka.

"Wai ke ce marar lafiyar ko shi? Kwana huɗu ke kaɗai nake jin kina cewa za ki koma gida."

"Madam, lokaci nake gudu."

"To gudu ki bar shi a baya."

Ruxandra ta koma ta zauna.

Juma'a ta zo. Likita ya tsaya da takarda a hannu. Ruxandra ta kama hannun mahaifinta ta buga. Ya ce "ran". Ta sake bugawa. Da ƙyar "trə" ta fito.

Ta buga na uku. Shiru.

Leɓen tsohon na rawa. Likita ya cire murfin biro. Gaɓar ƙarshe tana kan harshen Ruxandra, ta cije ta har ta ji ɗanɗanon jini. Ba ta san minti ɗaya na da tsawo haka ba.

"Ron."

Likita ya sa hannu a takardar sallama. Ruxandra ta fashe da kuka, tana godiya, tana lissafa abin da za ta dafa masa. Tsohon ya ja hannunta, ya furta kalmarsa ta farko da Romaniyanci cikin wata biyu:

"Surutu."

Darasi: Ba kowane taimako ake yi da baki ba. Wani lokaci babban alherin da za ka yi wa mai rauni shi ne ka yi shiru, ka bar shi ya ƙarasa da kansa. Tura wa duk wanda ka san yana jinyar iyayensa.