Kwana Huɗu Ba Wanda Ya Tambayi Lyle

Akwai wata mata a nan garinmu Duluth, sunanta Corinne Niemi. Mahaifinta Arvo yana da shagon tsofaffin littattafai a gangaren tashar jiragen ruwa. Shekara talatin da ɗaya yana bayan kantar nan, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, aka kai shi gidan kula da tsofaffi.

Corinne ta baro aikinta a Minneapolis, ta dawo ta karɓi shagon. Mace ce mai ƙwazo, wannan kam ba mai musu. Cikin wata biyu ta kakkaɓe ƙura, ta jera komai bisa tsari, ta cika taga da sababbin littattafai.

Abu ɗaya ne ya tsone mata ido: Lyle Bergstrom.

Lyle tsoho ne mai shekara tamanin da biyu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a jiragen ruwa masu dakon tama. Ba mata, ba ɗa. Kullum ƙarfe goma zai turo ƙofa, ya buge ƙanƙarar takalminsa, ya zuba kofi, ya zauna kusa da hitar ɗumama ɗaki da littafin tarihin jiragen ruwa. Sai ƙarfe biyu ya tashi. Bai taɓa sayen ko ƙasida ba.

"Corinne, wannan kofi ne ko ruwan wanke-wanke?" in ji shi wata safiya. "Na babanki, ko gawa aka ɗura wa sai ta tashi zaune."

Ta yi yaƙe, ta haɗiye.

Ran wata Asabar baƙi 'yan yawon buɗe ido suka cika shagon. Barci ya sace Lyle, har da minshari, kofin ya suɓuce masa ya jiƙa wani sabon littafin hotuna. Baƙin suka kwashe da dariya. Corinne ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta tsaya a kansa. "Mista Bergstrom, nan wurin sana'a ne, ba ɗakin kwana ba. Ga laburare can saman tudu, kyauta ake zama."

Ya ɗago a firgice. "Gwiwata ba ta hawa tudun nan, 'yata. Ai da babanki..."

"Babana ba ya nan. Ni ce a nan yanzu. Don Allah kada ka sake zuwa ka zauna min."

Lyle ya goge littafin da hannun rigarsa, ya miƙe da kyar, ya sa hularsa.

"To, shi ke nan. Ki gaishe shi."

Bai sake dawowa ba, ita kuma ta ji ta sauke kaya. Duk Lahadi in ta je duba Arvo, da bakinsa da ya karkace zai ce, "Lyle fa?" Sai ta ce, "Yana nan lafiya, Baba."

Bayan mako uku wata mata ta bugo waya, ta ce sunanta Odette Lachance, tana da gidan haya, wani ɗan hayarta ya rasu ya bar littattafai, a zo a kwashe. Masu wannan sana'a sun saba da irin kiran nan. Corinne ta loda kwalaye a mota ta tafi.

Ɗakin yana hawa na uku, ƙarami, ga sanyi, an buɗe tagogi duk da ƙanƙara na zuba. A kan tebur ta ga wasiƙar asibiti, ta karanta sunan da ke jiki.

"Lyle ne?"

"Shi ne," in ji Odette. "Ran Alhamis ya faɗi a banɗaki, ƙugunsa ya karye. Sai Litinin na buɗe ƙofa. Likita ya ce ya yi aƙalla kwana biyu da rai a ƙasan nan."

Corinne ta dafa bango.

Odette ta ci gaba, ba da faɗa ba. "Da can, in sha ɗaya ta yi bai iso shago ba, babanki zai bugo min ya ce, 'Odette, leƙa min tsohon kifin nan.' Sau biyu hakan ya cece shi. Da na ji waya shiru, sai na ɗauka yana wurinki kamar kullum."

Corinne ba ta ɗauki littafi ko ɗaya ba. Daga nan gidan tsofaffi ta nufa. Ta durƙusa gaban keken guragun da mahaifinta ke kai, ta riƙe hannunsa mai lafiya, ta faɗa masa komai, har ƙaryar da ta riƙa yi masa duk Lahadi.

"Baba, wallahi ban sani ba. Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Arvo ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito. "Sai... an gaya... miki?"

Ya zare hannunsa a hankali, ya juya fuskarsa wajen taga.

Mu shida ne muka raka Lyle makabarta, ƙasa ta daskare har sai da aka kawo injin haƙa. Corinne ta tsaya can baya ita kaɗai.

Shagon yana nan har gobe, kuma ciniki na tafiya. Corinne ce da kanta ta ba ni labarin nan, ta ce in sa shi a shafin nan da sunanta. Arvo ya ƙara wata huɗu a duniya. Ta ce kullum tana zuwa, tana ba shi abinci a baki, yana karɓa, yana yi mata godiya. Amma har ya rasu bai sake tambayarta labarin shago ba.

Darasi: Kafin ka kori wanda kake ganin ya zame maka kaya, tsaya ka tambayi kanka ina zai nufa in ya fita. Wani, ƙofarka ce kaɗai wurin da za a lura in bai zo ba. Kalma ɗaya ta wulaƙanci tana iya jawo abin da hawayen shekara goma ba zai wanke ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, kuma yau ɗin nan ku kira tsohon nan da kuka kwana biyu ba ku ji ɗuriyarsa ba.