Yadda Kurege Ya Samu Wurin Gaba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na nan.

To ku matso, ku daina ture juna cikin wuta. Tun da kawunku Sallau ya dawo daga ƙasar waje ya hana kunnena sakat da zancen katinsa. Wai don ya yawaita hawa jirgin sama, sai aka tashe shi daga kujerar baya aka kai shi ta gaba kyauta, ya miƙe ƙafa, aka ba shi tawul mai ɗumi ya goge fuska. Shi a zatonsa a kansa aka fara. Kurege ya riga shi, sai dai shi Kurege ba ya son a tuna masa.

Wata shekara aka yi fari a dawa. Ba ruwa, ba ciyawa, ba gyaɗa, ba ko ɓawonta. Kurege yana da mata, Tasalla, da 'ya'ya uku. Yunwa ta zo ta ɗauki na fari, ta dawo ta ɗauki na biyu, ta bar musu 'yar ƙaramar, wadda aka haifa da wata kaka mai albarka aka sa mata Yalwa. Suna dai suna ne. Yalwa ta rame har haƙarƙarinta ya fito, kuma ba ta iya barci sai ta naɗe a cikin wutsiyar ubanta, don a duk gidan wutsiyar nan ce kaɗai yunwa ba ta ci ba.

A zamanin akwai Babba-da-jaka, tsuntsun nan mai sanƙo da jaka a wuya. Amma na wancan lokaci fukafukinsa ɗaya zai rufe kasuwar garin nan. Shi ne jirgin namun daji. Yakan kwashe su ya ƙetare hamada ya kai su wata ƙasa da ake ce wa Bayan-Rairayi, inda dabino ke zuba ba mai tsinta. Talakawa a gadon baya suke zama, can wajen bindi, rana ta doke su, iska ta mare su. Kowa ya riƙe gashin tsuntsu da hannu biyu, ya naɗe ɗansa da wutsiya don kada ya faɗi. Amma a cikin jaka akwai wurin mutum ɗaya tak. Ga inuwa, ga laushi, ga kifin da tsuntsun ke ajiyewa, ka ci ka kwanta, ka tashi ka ci. Wurin nan ba a sayensa. Wanda ya fi kowa yawan tafiya ake ba, kyauta. Gane shi kuwa ba wuya, don iskar sama tana cin gashin wutsiya, kowace tafiya ta ɗan ci, har wutsiya ta koma tsirara.

Shekara da shekaru tsohuwa Gafiya ce ke shiga jakar. Fataucin kanwa take yi, ta bi hanyar nan ya fi sau arba'in, wutsiyarta sumul kamar muciya.

Da yunwa ta kai ga wuya, Kurege da Tasalla suka yanke shawara su kai Yalwa Bayan-Rairayi kafin ta bi yayyenta. Ana gobe tafiya Kurege ya zauna yana shafa wutsiyarsa, yana haɗiyar yawu.

Ya ce, "Tasalla, kin san wutsiyar nan ce kawai tsakanina da kifi?"

Ta ce, "Maigida, ka rufa mana asiri ka bar wutsiyar nan. Da me za ka riƙe yarinyar a sama? Tawa yunwa ta tsotse ta, ko kara ba za ta riƙe ba."

Ya ce, "Ke dai ba ki da hangen nesa. In na shiga jaka, kifin wa zan kawo wa? Ba Yalwa ba?"

Ta ce, "Yalwa uba take so a kusa da ita, ba kifi ba."

Ya ce, "Wa ya taɓa ƙoshi da uba?"

Ya tashi ya ari aska ya aske wutsiya ƙwal. Ya goga ta a dutsen niƙa, ya shafa mata toka, har ta yi kama da wadda ta sha iskar shekara ɗari. Ya tattara gashin ya nufi gindin tsamiya, inda tsohuwa Gafiya ke barcin rana. Ya shafa wa wutsiyarta ƙaro, ya bi ya manna mata gashinsa sili-sili. Tsohuwa tana ta minshari, ba ta san an mayar da ita baƙuwar hanya ba.

Da safe aka taru a bakin fadama inda tsuntsun ke lodi. Ɗan kamasho kuwa sabo ne, wani Hankaka mai farin ƙirji, wanda aka ba aikin shekaranjiya ya ɗauka sarauta ce.

Ya ce, "Layi! Kowa ya juya baya ya ɗaga wutsiya!"

Gafiya ta zo, ta kwana tana tsigar gashin nan ya ƙi fita. Hankaka ya duba ya ce, "Baya!"

Ta ce, "Haba ɗan nan, ni ce fa Gafiya. Tun ubanka yana cikin ƙwai nake bin hanyar nan."

Ya ce, "Iya, ni wutsiya aka ce in duba, ba fuska ba. Baya!"

Kurege ya zo ya ɗaga tasa. Hankaka ya rusuna har ƙasa. "Yallaɓai! Sannu da hanya, sannu da ƙoƙari. Bismilla, jaka!"

Yalwa ta riƙo ƙafar ubanta ta ce, "Baba, ina wutsiyarka?"

Ya ce, "Na ba da ajiya, za ta dawo. Bi innarki." Ya zame ƙafarsa ya haye baki ya zura cikin jaka, ko waiwaye bai yi ba.

Tsuntsu ya tashi. Kurege ya miƙe ƙafa, ya ci kifi da hannun dama, ya ci da na hagu, ya yi gyatsa. Can sai ya ji murya daga samansa, duk jakar tana rawa.

"Na cikin jaka, sannu da zuwa. Ka dai san sharaɗi?"

Kurege ya ce, "Sarai, ranka ya daɗe." Bai sani ba.

Tsuntsu ya ce, "Idona ya tsufa, mushe kawai yake hangowa. Shi ya sa nake ajiye tsohon matafiyi a nan, ya zama idona. Ka riƙa leƙawa ta bakina, ka gaya mini inda zan karkata zuwa Tafkin Tsakiya, don shi kaɗai ne ruwa a duk hamada. Wanda ya yi mini ƙarya kuwa, daga jaka zuwa ciki taku ɗaya ne."

Kurege ya ajiye kifin da ke hannunsa. Ashe kyautar ba kyauta ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Ya leƙa, ya ga rairayi gabas, rairayi yamma, shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa wuce kan iyakar gonar gyaɗa ba.

Tsuntsu ya ce, "Na cikin jaka, ina muka nufa?"

Ya ce, "Miƙe dai, ranka ya daɗe."

Da hantsi suka wuce wani dutse mai kama da turmi, inda ake karkata hagu. Can a baya Gafiya ta gan shi, ta yi ihu, ta yi ihu, "Hagu! Hagu!" Iska ta kwashe muryar ta kai inda ba kowa.

Rana ta take tsaka. Ƙishirwa ta kama tsuntsu.

"Na cikin jaka, ina muka nufa?"

"Miƙe dai, ranka ya daɗe."

"To fukafukina ya yi nauyi. Zan rage kaya."

Ya girgiza bindi. Ƙunshi da ƙwarya da tabarma suka zube ƙasa, duk abin da talakawa suka tsira da shi daga fari. Kurege ya ji kururuwa ta taso daga baya. Ya ce a ransa, kaya ne kawai, mai rai ba ya rasa kaya. Ya ƙara kifi.

Suka yi ta tafiya, ba tafki, ba alamarsa.

"Na cikin jaka, ina muka nufa?"

"Miƙe dai, ranka ya daɗe."

"To fukafukina ya yi nauyi."

Ya girgiza bindi. Wannan karon ba kaya, sai masu kaya. Tsofaffin da hannunsu ya gaji suka saki. Kurege ya ji kukan, ya kuma san wa da wa ke zaune a wajen, ya san wace ce ba ta da abin da ya naɗe ta. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da abin, ya ce ban san hanya ba. Ya buɗe baki, sai ya dubi ramin maƙogwaro a ƙarƙashin ƙafarsa, baƙi ƙirin. Ya rufe baki. Ya zaɓi tsoka mai kyau ya cusa a kumatu, ya ce, "Wannan ta Yalwa ce." Da haka ya lallashi zuciyarsa, ita kuwa zuciyar maƙaryaci ba ta da wuyar lallashi.

"Na cikin jaka, ina muka nufa?"

Kurege ya ƙara dunƙulewa a cikin jaka.

"Na ce ina muka nufa?"

"Miƙe dai, ranka ya daɗe."

Tsuntsu ya girgiza bindi karo na uku. Wata 'yar siririyar murya ta wuce ta ƙarƙashin jaka, tana ƙara nisa. Kurege ya toshe kunne ya ce iska ce.

Duk da haka nauyi bai ragu ba, don ba kaya ne suka kashe fukafukin ba, ƙishirwa ce. Tsuntsu ya fara yin ƙasa, ya ce, "Na cikin jaka, in na faɗi, da kai a cikina zan faɗi." To a nan ne fa, yara, abin da ke ba ni haushi da Kurege. Dabarar da ta ƙi zuwa don 'yarsa, da aka taɓo wuyansa sai ga ta da gudu.

Ya ce, "Wayyo, ranka ya daɗe, rairayi ya cika mini ido tun ɗazu, kunya ta hana ni faɗa! Amma akwai wata almajirata a baya, Gafiya, ni na koya mata hanya. A kirawo ta ta duba mini."

Aka aiki Hankaka, wanda ke biye da su a sama. Allah ya sa tsohuwa tana nan, ta kafa haƙori a gashin tsuntsu. Rana ta narkar da ƙaron, iska ta kwashe gashin aro, wutsiyarta ta koma sumul. Hankaka ya gani ya rusuna ya ce, "Hajiya! Bismilla, jaka!" Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Juya. Tun hantsi muka wuce turmi."

Da la'asar suka sauka a bakin tafki, tsuntsu yana haki. Ya ce, "Gafiya, fita. Kai kuwa tsaya. Wanda ya san hanya ba ya wuce turmi, ko idonsa a rufe."

Kurege ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, na cancanci haɗiya. Amma maƙogwaronka a bushe yake, ga toka a jikina. In na maƙale, ni na mutu, kai ka mutu. Jiƙa maƙoshi tukuna, ina zan je?"

Tsuntsu ya ga magana ce. Ya sunkuya ya buɗe baki zai sha, Kurege ya yi wuf ya faɗa ruwa, ya nutse ya ɓullo cikin ciyayi. Ya tsira, ko ƙwarzane babu.

Ya zagaya ta bayan tsuntsu inda ragowar matafiya ke saukowa. Ya duba, ya duba. Can ya hango Tasalla zaune a kan rairayi, ita kaɗai, farcenta duk jini.

Ya ce, "Tasalla, ina Yalwa?"

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "A girgiza ta farko na riƙe ta. A ta biyu na riƙe ta. Kafin ta uku ta tambaye ni, wai Baba ya ci ya ƙoshi? Na ce mata ya ƙoshi."

Ya ce, "Ai ga shi, na kawo mata." Ya ciro tsokar kifin daga kumatu ya miƙa. Tasalla ta dubi kifin, ta dubi wutsiyarsa, ta tashi ta bi bayan Gafiya. Ba ta sake ce masa uffan ba har abada.

Ya tsaya da kifi a hannu, ba wanda zai ba. Kun san abin da ya yi da shi? Ya ci. Yana kuka yana ci, don Kurege Kurege ne.

Wutsiyar ta dawo, kamar yadda ya yi wa yarinyar alkawari, har ta fi da yawa da laushi. Sai dai ba mai kwana a cikinta. Shi ya sa har gobe in kun ga kurege a gona, zai yi gudu ya yi gudu, sai ya tsaya cak a kan ƙafa biyu, ya miƙa wuya yana duba gabas da yamma. Manoma suna cewa su yake dubawa. Ba su ba ne.

Ƙurunƙus kan gafiya. A'a, na tuba, kan kurege, ita gafiya ba ta cuci kowa ba. Darasi kuwa, in za ku aske wutsiya, ku fara koyon hanya. Gobe kuma in kawunku Sallau ya sake zaro katin nan, ku ce masa na ce, da aka kai shi gaba, wa ya bari a baya?