Ƙofofi Bakwai na Iya Yalwa

Akwai wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi, kudu da Rusairis ta ƙasar Sudan, da aka ce ya tashi shekarar da ake gina madatsa, don ruwa zai cinye shi. Hukuma ta ba da sabon fili a kan tudu.

A ƙauyen akwai Iya Yalwa, makauniyar da ba ta taɓa neman ɗan jagora ba. Tsakanin dangarta da ta maƙwabta akwai 'yar ƙofa, daga ita sai wata, har gida bakwai. Ta nan mata ke ɗebo wuta, ta nan ake kiran ungozoma.

Da hanci Iya ke gane gidajen: na Talatu daddawa, na Indo turaren wuta, na Ramatu busasshen kifi. Da hantsi takan bi su a hankali, yatsunta na shafar zana, kamar mai yawo cikin mafarki.

Sai ga mai awon fili, Alhasan, da takardu da turaku. Ya ce da ƙuri'a za a raba, kowa ya ja tasa, don kada a ce an yi son kai. Maza suka ce madalla, ba wanda ya leƙa cikin gida ya tambaya.

Iya ta san in aka warwatsa gidajen nan, ita da ɗaki ke nan har mutuwa. Ta bi muryoyi har wurin taron.

Ɗanta Gado ya tare ta. "Iya, koma gida. Zancen hukuma ne, da Larabci ake yi."

"Da Larabci na goye ka? Matsa!"

Ta ce wa Alhasan, "Ya waladi, ɗana, rufe idonka, kama bakin gyalena. Gidajen mata za mu shiga."

Bai yi girman kai ba, ya rufe. Ya bi ta daga ƙamshi zuwa ƙamshi, yana jin luguden turmi da sallamar mata. A ƙofa ta uku ya ƙume goshi, mata suka kwashe da dariya. A ta bakwai ya buɗe ido.

"Hajja, wannan hanyar ba ta cikin takardata."

"To takardarka ce makauniya."

"Amma ƙuri'a doka ce, ba ni iya soke ta."

Iya ta zare zare daga gyalenta, ta ce a miƙo takardun ƙuri'ar gidajen bakwai, ta ɗaure su tam.

"Wa ya ce ka soke? Ja ɗaya, bakwai su fito tare."

Kwana uku Alhasan yana zaune bayan danga, mata na faɗa masa wa ke ɗebo wuta wurin wa. Ƙauyen ya fito ƙulli goma sha ɗaya. Ya kai wa na gaba da shi, aka amince.

Gado kaɗai ya ƙi a ɗaure tasa. Da aka koma kan tudu, ya sami fili mai kyau, danga rufe ruf. Wuta ta mutu, ba inda matarsa za ta ɗebo. Kafin damina ta wuce ya zo da wuƙar yankan danga a hannu.

"Iya, yaya tsawon ƙofar nan yake?"

"Daidai yadda kanka zai sunkuya."

Darasi: In za a tsara wa unguwa gobenta, mai takarda ya saurari mai zama a ciki, maza kuma su tambayi na cikin gida kafin su ce madalla. Ku tura wa mai unguwarku, ya karanta.