Ranar da Injiniya Ya Tafi Jana'iza

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

A wani ƙaramin asibiti, da rana tsaka, jini ya ɓalle wa wata mai jego. Talatu ungozoma ta ruga ɗakin gwaji don a san irin jinin da za a ƙara mata. Sakamakon yana cikin kwamfuta, ita kuwa ta cika maƙil da tarkace, ta ƙi buɗe komai. Ba mai ikon share tarkacen sai Injiniya Sa'idu, shi kuma ya tafi jana'iza wani ƙauye da waya ba ta shiga. 

Barau mai gwaji, sarkin leƙen aikin mutane, ya sha ganin Injiniya yana rubuta "sudo" a gaban umarnin da yake ba kwamfuta, kalmar da ke ara wa ƙaramin ma'aikaci ikon babba. Ya rubuta. Kwamfuta ta nemi kalmar sirri. Sai suka shiga cankar ta Injiniya, har da sunan matarsa da na garinsu, duk a banza. Talatu tana jin nishin matar daga ɗaki.

Sai ga Hassu mai rajistar marasa lafiya. Ta ce, "Ba tasa take nema ba, Malam Barau, ta wanda ya shiga kwamfutar da sunansa take nema. Ni Injiniya ya taɓa sa sunana cikin masu izini." Ta san duk ɓarnar da aka yi da sunanta za ta fito, aikinta kuma ya tafi. Duk da haka ta shiga da sunanta, ta sa kalmar sirrinta.

Barau ya sake rubuta umarnin sharewa, ya ɗaga yatsa zai danna. Talatu ba ta san kan kwamfuta ba, amma idonta ya faɗa kan kwanan watan ranar a jikin abin da za a share. Ta damƙe hannunsa. Ashe ma'ajiyar sakamakon yau ya nufa, abin da aka share da wannan iko kuwa ba ya dawowa. Ya gyara umarnin, ya share tarkacen. Sakamako ya fito, aka ƙara jini, matar ta tashi.

Injiniya ya dawo ya ji labari. Ya ce daga yau mutum ɗaya zai riƙe wannan iko idan ba ya nan, ɗaya tak, don kada a rasa wanda za a tuhuma.

To, tsakanin wanda ya san umarni, da wadda ta sa wuyanta, da wadda ta riƙe hannu, wa za ku danƙa wa ran mai jego ta gaba?