Yatsan da Jatau Ya Ƙi Dangwalawa

An yi wani mutum, 'yan'uwa, a wani gari can da daɗewa. Jatau sunansa, baduku ne, ba ya da komai sai basilla da gaskiya. Yana da yaya, Kande. Gobara ta cinye mata hannuwa biyu tun tana budurwa, shi yake riƙe da ita.

Wata shekara hukuma ta yi shela: za a riƙa ba naƙasassu hatsi duk wata, amma rana ɗaya za a ɗauki sunaye, in ta wuce sai baɗi. A lokacin rumbun Jatau ko ɓera ya daina leƙawa. Ya ɗora yayarsa a jaki, suka sha layi tun hantsi har la'asar.

Da suka iso gaban akawu, ya turo takarda da tawada ya ce wa Kande, "Baba, dangwala babban yatsa."

Kande ta fito da dungulmi biyu daga mayafi.

Akawu ya ce, "Ayya! Ba yatsa, ba suna. Irinki tara na sallama yau." Sai ya sassauta murya: "Kai, ɗan'uwanta, sa naka. Wa zai sani?"

To ku saurara! Hakkinta ne fa, ba na wani ba. Ni da nake gaya muku, da ni ne, ban san abin da zan yi ba.

Jatau ya ce, "Malam, takardar nan cewa za ta yi Kande ce ta dangwala, kuma ba ita ba ce. Ranar da gaɓoɓi za su yi magana, me yatsan nan zai ce?"

Layi ya ɗauka: "Kai, sa mu wuce! Gaskiyarka za ta ci?"

Ya juya ga yayarsa, hawaye sharkaf. "Yaya, ki yafe ni. Ba zan iya ba."

Ta ce, "Share idonka, ƙanena." Ta tuɓe takalmi. "Malam, shekara ashirin da ƙafar nan nake tsince wake, da ita nake iza wuta. Ita ce hannuna. Ka je ka tambayi mai gidanka ko za ta yi."

Hayaniya ta riga ta fito da mai gidan nasa, babban jami'i. Ya ji zance, ya dubi Jatau, ya dubi Kande. Allahu Akbar! Mutumin nan da babbar rigarsa ya durƙusa a ƙasa, ya shimfiɗa takarda, ya shafa mata tawada a babban yatsan ƙafa da hannunsa. Ta taka, dangwal! Ya miƙe ya ce, "Mutum taran nan da aka kora, a bi su gida-gida a dawo da su. Ba a rufe littafi sai sun shiga!"

Jama'a, wuri ya kaure da kabbara! Masu zagin Jatau ɗazu, su ne suka ruga kiran mutanen.

Kun gani? Da Jatau ya dangwala, gida ɗaya ne zai ci, tara su kwana da yunwa, ƙofa kuma tana nan a rufe. Ƙarya kai kaɗai take fitarwa. Gaskiya kuwa, in ta buɗe ƙofa, jama'a ke bi.

Kai mai karɓar wa mahaifiyarka, ke mai tsaya wa ɗanki a layi, amana ce a hannunku. Ku nema masu hakkinsu har ƙafa ta gaji, amma kada ku sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Allah Ya tsare mana yatsunmu. Ku ce amin!